Tsohon agogon nutso: yadda ake wanke injinsa a mayar masa da juriyar ruwa

Agogon da zan yi misali da shi Seiko 6309-7040 ne, mai faffaɗan kwanso, wanda masu tara agoguna suka yi wa laƙabi da kunkuru saboda siffarsa. Kamfanin Seiko na Japan ya ƙera shi daga 1976 zuwa 1988, bayan ya fara fitar da agogon masu nutso a 1965. Na zaɓe shi don an yi shi da yawa, kayan gyaransa suna samuwa har yau, kuma injinsa ba ya wahalar da mai koyo. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi mafi yawan tsofaffin agogunan nutso masu inji, ko na Japan ko na Suwizalan.

Wanda na fi tunawa a irinsa wani matashi ne ya kawo min shi. Na mahaifinsa ne, tsarabar aikin Hajji, ranakun mako a jikinsa da Larabci da Turanci. Idan aka girgiza shi yana tafiya, amma da zarar an fita rana sai gilashin ya yi hazo daga ciki. A fuskarsa an rubuta mita 150. Abin da ke riƙe da wannan alkawari robobi ne guda uku: ta gilashi, ta murfin baya, da ta ɗan kan nan na gefe da ake murɗawa a saita lokaci, wanda zan riƙa kira mamurɗi. Sai kuma bakin ƙarfen da kowace roba take zaune a kai. Roba ba ta shekara arba'in da laushinta. Don haka aikin kashi biyu ne, gyaran inji da toshe hanyar ruwa, kuma na biyun ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya

Ɗauki hoton agogon ta gaba, ta baya da ta gefe. Juya shi ka karanta murfin baya. Za ka ga 6309-7040: kashin farko lambar inji ce, na biyu lambar kwanso. Akwai kuma wata lamba mai alƙaluma 6. Alƙalami na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sannan O, N da D a madadin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Wanda lambarsa ta fara da 93 na watan Maris ne na 1979. Idan ta fara da 6, 7 ko 8, shekarar tana iya zama ta 1970 da wani abu ko ta 1980 da wani abu, tunda an shekara goma sha biyu ana yin sa.

Daga nan sa gilashin ƙara girma a ido ka dubi fuskar. Kasuwa cike take da fuskoki, hannaye da zobban lamba na kwaikwayo. Na asali rubutunsa siriri ne mai kaifi, kuma farin fentin nan mai ƙyalli da dare ya tsufa bai ɗaya a fuska da hannaye. Idan fuska fara fat ce amma kwanso duk tabo, an taɓa canza ta. Yana da kyau ka san wannan tun da fari, don kada ka kashe kuɗin kayan asali a kan agogon da rabinsa haɗe-haɗe ne.

Akwai gargaɗin da ya shafi lafiyarka. Agogunan nutso na shekarun 1950 zuwa farkon 1960, irin su Blancpain Fifty Fathoms na 1953 da Rolex Submariner na farko-farko, an yi fentin ƙyallinsu da radiyom, wani sinadari mai fitar da tururi mai cutarwa wanda ido ba ya gani. Ko fentin ya daina haske, sinadarin yana nan da ƙarfinsa, domin sai ya shekara kusan 1,600 kafin ya ragu da rabi. Ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. Irin wannan agogo a gwada shi da na'urar Geiger mai auna wannan tururi, a kai wa wanda ya san aikin. Waɗanda ke da harafin T a gefen sunan Suwizalan a ƙasan fuska fentinsu na tiritiyom ne, wani sinadari makamancinsa, wanda ke raguwa da rabi cikin shekara 12 da ɗoriya. Seiko ɗinmu ya zo bayan zamanin radiyom. Duk da haka kada ka busa tsohon fenti da baki, kada ka ci abinci a teburin aiki.

Wurin aiki da kayan aiki

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. Rufe taga, kashe fanka, goge tebur da tsumma mai danshi, ka shimfiɗa farar takarda. Duk sashen da ka wanke, kifa masa kofin gilashi.

Za ka buƙaci ƙananan sukundirebobi da aka wasa bakinsu daidai ramin sukuru, hantsaki mai siririn baki, gilashin ido, mabuɗin murfi mai haƙora uku, mariƙin kwanso da mariƙin inji, ƙarafan cire hannaye da na mayarwa, robar busa iska, tsinken katako, safar yatsu, ƙullun goge datti da ake kira Rodico, da faranti mai ɗakuna don jera sassa. Sai mai. Ni Moebius nake amfani da shi: 9010 na wurare masu gudu, HP-1300 na wurare masu nauyi, 9415 na duwatsun gwafa ('yar ƙarfen da ke tsayar da ƙafafun inji masu haƙora tana sakinsu), 9504 na inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, 8217 na bangon ganga (gidan babban sifirin da ke tafiyar da agogo), da giris ɗin silikon na robobi. Suna da tsada, amma ɗan kwalba guda zai yi agoguna masu yawa. Man keken ɗinki da fetur ba su da wuri a nan. Na buɗe agogon da wani mai gyara a bakin kasuwa ya tsoma injinsa ɗungurungum cikin fetur, ya ɗiga masa mai ta sama. Ya yi wata biyu yana tafiya, sannan man ya malala ya manne sifirin ɗin balans, wato ƙafar nan mai lilo da ke daidaita bugun agogo, dattin da fetur ya narkar kuma ya koma ya kwanta cikin ramukan duwatsu, inda tsinin ƙafafu ke juyawa.

Idan ba ka taɓa buɗe inji ba, fara da tsohon Seiko 5 mai araha. Da yawansu injin 6309 ne a ciki, ka ga ka sami wurin koyo da kuma rumbun kayan gyara.

Buɗewa da fitar da inji

Cire madauri. Kafin ka kwance murfi, kankare dattin da ya daskare a kewayensa da tsinke da busasshen buroshi, don kada ya zube ciki. Ɗaure kwanso a mariƙi, saita haƙoran mabuɗi su zauna sosai a ramukan murfin, danna ƙasa da ƙarfi, sannan ka juya hagu. Dannawar ta fi juyawar muhimmanci. Duk dogon ƙarcen da kake gani a bayan tsofaffin agoguna mabuɗi ne ya zame. Idan murfin ya ƙi, ɗiga ɗan man sassauta tsatsa a bakinsa ka bar shi ya kwana.

Da ka buɗe, shinshina ka duba. Jan ƙasa-ƙasa kusa da sandar mamurɗi alama ce ruwa ya shiga ta can. Robar murfi za ka same ta ko dai ta bushe tana karyewa, ko ta narke ta zama kamar kwalta.

Kwance rota, wato ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke juyawa yana wana agogo, ka ajiye. Kwance mamurɗi daga zarensa, danna ɗan madannin da ke sakin sanda a hankali, ka zare. Dannawa da ƙarfi tana tsallakar da sassan saiti daga mazauninsu. Ɗaga zoben da ke riƙe inji, ka kifa kwanson a kan matashi mai laushi, inji zai sauko. Mayar da sandar, juya hannaye su haɗu a kan 12, rufe fuskar da 'yar leda, ka sa ƙarafa biyu ƙarƙashin hannayen ka ɗaga su tare. Sassauta ƙananan sukurori biyu na gefen inji da ke riƙe ƙafafun fuska, ɗaga ta, ka sa ta cikin akwati ita kaɗai. Daga nan har ƙarshen aiki yatsa ba ya taɓa ta.

Warware inji

Ɗauki hoto a kowane mataki. Fara da ɓangaren kalanda: faifan ranakun mako, murfin da ke danne faifan kwanan wata, da ƙananan sifirin da ke tura su. Waɗannan sifirin ɗin tsalle suke yi, kuma wanda ya yi tsalle ya tafi ke nan. Danne kowanne da tsinken katako kafin ka ɗaga shi, ko ka yi aikin a cikin farar leda.

Juya injin. Cire gada, wato murfin ƙarfen da ke riƙe sassan da ke wana agogo da kansu. A ƙarƙashinta za ka ga dabarar da Seiko ya fito da ita a 1959 mai suna Magic Lever: ɗan ƙarfe mai hannu biyu, ɗaya yana ja ɗaya yana turawa, ta yadda duk inda rota ta juya ƙafar da ke wana sifirin gaba take yi. Dubi bakin hannayen nan biyu da haƙoran ƙafar da suke kamawa. Idan sun side, agogon zai riƙa tsayawa cikin dare komai yawan sa shi da aka yi da rana.

Yanzu sauke ƙarfin babban sifirin. Wannan mataki ba a tsallake shi. Injin 6309 ba a wana shi da mamurɗi, don haka da sukundireba za ka yi: sa bakinta a sukurun da ke tsakiyar ƙafar saman ganga, ɗan juya gaba kaɗan, janye birkin da tsinke, sannan ka bar sukundirebar ta riƙa juyawa a hankali tsakanin yatsunka har ƙarfin ya ƙare. Wanda ya cire gwafa alhali sifirin na ɗaure, ƙafafun za su kwasa da gudu, haƙora ko tsini su karye.

Cire gadar balans tare da balans ɗin, ka kifa ta a gefe, kada siririn sifirin ɗinsa mai kamar gashi ya miƙe. Sai gwafa da gadarta. Gwafa ita ce 'yar ƙarfen nan mai jajayen duwatsu biyu da ke tsayar da ƙafar ƙarshe tana sakinta, sau 21,600 a awa, wato sau 6 a daƙiƙa. Bayanta babbar gada, ƙafafu masu haƙora ɗaya bayan ɗaya, ganga, sannan sassan saiti. Kowane sukuru ya zauna ɗaki ɗaya da gadarsa, domin tsawonsu ya bambanta.

Kafin ka cire ganga, kama sandar tsakiyarta da hantsaki ka girgiza. Nan ne raunin wannan inji. Cikin duwatsunsa 17 babu wanda aka sa a ramukan sandar ganga, ƙarfe ne kan ƙarfe, kuma bayan shekaru ramin yakan faɗaɗa ya koma kamar ƙwai. Gangar sai ta karkace tana gogar gada. Za ka ga sawun gugar a ƙasan gadar, wani da'irar da launin ƙarfen ya canza. Mai ba ya maganin wannan. Ana faɗaɗa ramin ne a dasa dutse ko zoben tagulla, kuma aikin na buƙatar na'urar dasa duwatsu. Idan ba ka da ita, kai wa mai ita, ko ka nemi faranti da gada masu lafiya daga wani injin.

Wanki

Buɗe ganga, zare sifirin a hankali kana riƙe da shi da yatsu masu safa. Idan ya kwanta a tebur ya buɗe sosai da siffar S, da sauran ƙarfinsa. Idan ya dunƙule ko ya karkace, sa sabo.

Ramin kowane dutse sai an soka masa tsinken katako da aka fiƙe, a juya, a sake fiƙewa, a sake sokawa, har tsinken ya fito fari. Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne bambancin wanki da jiƙawa. Tsohon mai yakan daskare kamar ƙaro, ruwan wanki kaɗai ba ya fitar da shi. Bayan nan a wanke sassa a ruwan wankin agogo ko tataccen nafta, a ɗauraye sau biyu a kwalabe daban, a busar da iska mai ɗumi. Injin wanki mai girgiza ruwa yana taimakawa ga faranti, gadoji da ƙafafu.

Gwafa da balans ba sa son sifirit. Duwatsunsu da wani ƙaro mai suna shelak aka manne su, sifirit kuwa narkar da shi yake yi. Fuska, hannaye, faifan ranaku da na kwanan wata ba sa shiga kowane irin ruwa, lambobinsu za su goge. Duk wani sashe na roba a wanke shi da hannu.

Tsinin balans yana zaune cikin duwatsu biyu-biyu sama da ƙasa, da ɗan sifirin da ke kare shi daga faɗuwa, tsarin da Seiko ke kira Diashock. Buɗe sifirin ɗin, fito da duwatsun, raba su, ka goge shimfiɗaɗɗen a kan takarda mai tsabta har ya yi sheƙi. Kada ka haɗa na sama da na ƙasa wuri guda.

Haɗawa da sa mai

A wannan aiki mai kaɗan ya fi mai yawa. Ɗigon da ido ke gani daga nesa ya riga ya yi yawa.

Shafa 8217 a wurare uku ko huɗu a bangon ganga ta ciki. A agogo mai wana kansa, wutsiyar sifirin zamewa take yi a jikin bango idan ya cika, wannan giris ɗin ne ke sa ta zame daidai, ba da wuri ba kuma ba da tsiya ba. Mayar da sifirin, sa HP-1300 a sandar ganga, ka rufe.

Jera ganga da ƙafafu, ɗora gada ba tare da ɗaurewa ba. Da tsinke ka riƙa taɓa kowace ƙafa har tsininta ya faɗa raminsa, gadar ta zauna da kanta. Sukuru ba ya zaunar da gada. Idan ka ɗaure alhali tsini ɗaya na waje, ya karye. Bayan ka ɗaure, ɗan tura ganga da tsinke. Ƙafafun su juya sumul, in sun zo tsayawa ƙafar ƙarshe ta ɗan koma baya kaɗan. Wannan komawar ita ce shaidar hanya a buɗe take. Idan babu ita, akwai datti ko lanƙwasa a wani wuri, koma ka nema.

HP-1300 a tsinin ƙafafu masu tafiya a hankali, 9010 a masu gudu. Man ya tsaya cikin ɗan kwarmin dutse, kada ya hau samansa. Haƙoran ƙafafu ba a sa musu mai, haka ma tsinin gwafa. Mayar da gwafa, ɗan wana sifirin, ka taɓa wutsiyarta da tsinke: ta yi tsalle zuwa ɗaya gefen da kanta. Sa ɗan 9415 a fuskar dutsenta, ka bar haƙora su ɗauka su rarraba.

A shimfiɗaɗɗen dutsen Diashock sa ɗigon 9010 a tsakiya, wanda zai rufe kamar rabin faɗinsa ko ɗan fiye, ka kifa ɗayan a kai. Sannan mayar da balans, ka tabbata ɗan dutsen da ke ƙasansa ya shiga bakin gwafa. Idan komai ya yi daidai, kafin ka ɗaure sukuru zai fara bugawa. Sassan saiti 9504, bakin hannayen Magic Lever kuma ɗan giris kaɗan.

Idan za ka ɗauko faifan ranaku ko na kwanan wata daga wani injin, lura da inda mamurɗinsa yake. Na wannan agogo a kan 4 yake, faifan da aka buga don mamurɗi a kan 3 zai fito a karkace a taga.

Saita tafiya

Cire wa injin maganaɗisu, wana shi, ka bar shi ya kwana yana tafiya kafin ka yanke hukunci. Ɗora shi a na'urar sauraron bugu, ka saita kusurwar ɗagawa, adadin da na'urar ke buƙata don lissafa lilon balans, a digiri 54.5. Abu uku za ka duba: yawan daƙiƙar da yake ƙarawa ko ragewa a rana, faɗin lilon balans, da bambancin bugun hagu da na dama. Tsofaffin injinan Seiko lilonsu bai kai na Suwizalan ba. Digiri 220 zuwa 250 a kwance lafiya ce, kada ka wahalar da kanka neman 300. Fara gyara bambancin bugu ya sauka ƙasa da rabin miliseken, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sannan ka taɓa hannun sauri. Gwada shi fuska sama, fuska ƙasa, da a tsaye ta ɓangarori. Idan lilo ya faɗi warwas a matsayi ɗaya kawai, dubi tsinin balans ko dutsen wannan ɓangaren. Agogo mai waɗannan shekaru da ya tsaya cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 a rana a hannu ya yi abin a yaba.

Fuska da hannaye

A nan shawarata ka yi ƙasa da abin da zuciyarka ke so. Busa ƙura da robar iska, ɗan taɓa da Rodico a wuraren da babu rubutu, shi ke nan. Fentin ƙyalli da ya koma ruwan madara ko ya yi ɗigon baƙi saboda danshi, bar shi. Ba na sake fenti sai idan yana marmashewa, domin garinsa zai gangara cikin injin da ka gama wankewa. Idan tsagewa kawai ya yi a hannu, ana shafa siririn manne ta bayan hannun ya riƙe shi. Haka zoben lambobi na alminiyom da ya koɗe ya koma toka-toka: sabo na kwaikwayo ya fi shi sheƙi, amma darajar agogon a wurin masu saye tana tare da tsohon.

Wajen mayar da hannaye, juya mamurɗi har kwanan wata ya faɗa, a nan za ka dasa hannun awa da na minti a kan 12. Duba ta gefe kada wani ya gogi wani.

Kwanso da robobi

Sa wuƙar buɗe kwanso ƙarƙashin zobe mai juyawa ka ɗaga shi. Yi hattara, akwai ɗan ƙwallon ƙarfe a kan sifirin cikin wani rami, shi ke ba da ƙaran nan na ƙas-ƙas, kuma bai kai ƙwayar gero ba. Ɗaga zoben da ke danne gilashi, tura gilashin daga ciki, fito da robarsa da zoben mintoci. Wanke kwanso da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi, ka busar sosai.

Kada ka kai shi injin goge ƙarfe. Saman kwanson yana da siraran layuka, gefensa kuma sheƙi, da kaifin da ya raba su. Injin gogewa yakan cinye kaifin cikin minti ɗaya, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Yanzu sa gilashin ido ka bi mazaunin kowace roba da kyau, duk kewayen. Gumi da ruwan gishiri sukan maƙale ƙarƙashin tsohuwar roba su ci ƙarfen, su bar ƙananan ramuka kamar na zanzana. Bakin ƙarfe mara tsatsa ma yana yin haka idan iska ba ta kai gare shi. Idan ramukan na gefe ne, ba komai. Idan sun ratsa daidai layin da roba ke dannawa, sabuwar roba ba za ta hana ruwa ba, sai an cike su da waldar leza an sake daidaita wurin. Agogon matashin nan da na ambata, a nan ciwonsa yake, a mazaunin robar murfi.

Dubi zaren bututun da mamurɗi ke ɗaurewa a kai. Idan da ƙyar yake kama zagaye ɗaya, ya cinye, kuma canza bututun aikin gwani ne. Sandar mamurɗi gida biyu ce da ɗan sifirin a tsakani, lura da yadda suke haɗe kafin ka raba su. Ciro tsohuwar robar mamurɗi da allura, ko da gutsure-gutsure ne, ka sa sabuwa.

Sayi robobin da aka yi don wannan lambar kwanso, ba masu kama da su ba. Ta murfi, ta mamurɗi da ta zobe mai juyawa a shafa musu silikon har su yi sheƙi kawai. Ta gilashi a busasshe nake sa ta. Gilashin asali Hardlex ne, wanda aka ƙara wa tauri. Idan bakinsa ya ɓantare ko ƙarce ya yi zurfi, sa sabo, ka danna zobensa da matsi mai faifan roba, a miƙe. Tsohon gilashi da duk abin da ka canza, zuba su a ambulan ka ba mai agogo.

Gwajin ruwa

Gwada kwanso babu inji a ciki. Haɗa gilashi, mamurɗi da murfi, ka bar zobe mai juyawa a waje, domin iskar da ke maƙalewa ƙarƙashinsa takan fito da kumfar da za ta ruɗe ka. A na'urar gwaji ta kwalba, ana rataye kwanso a saman ruwa, a buga iska zuwa awon matsi (wato bar) 3 ko 6, a jira 'yan mintoci, a saukar da shi cikin ruwa, sannan a saki matsin a hankali. Idan akwai kafa, iskar da ta shiga za ta fito a jere kamar zaren carbi, kuma za ka ga daidai inda take fitowa.

Wannan gwaji yana nuna agogon zai jure ruwan sama, alwala da wanka. Bai kai mita 150 ba. Kowane mita 10 na ruwa kusan awon matsi 1 ne, don haka 150 na nufin 15. Ƙa'idar agogunan nutso ta duniya, ISO 6425, ta ce a gwada da ƙarin kashi 25 cikin 100, wato 18.75 ga irin wannan. Sai na'urar matsi mai ƙarfi take iya wannan. Bayan an fito da kwanso daga cikinta, a ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwa mai sanyi a kan gilashi, a jira minti ɗaya, a goge. Idan hazo ya fito ta ciki, ruwa ya shiga.

Faɗa wa mai agogo adadin da ka gwada, ba wanda ke rubuce a fuska ba. Idan 6 ka kai, ka ce 6. Wanda kuma zai yi nutso na gaske da tulun iska a baya, kada ya dogara da wannan agogo wajen lissafin lokaci. Zobensa yana juyawa hagu da dama, taɓawa kaɗan za ta iya rage mintocin da yake nunawa an yi a ƙasa. Agogunan yanzu shi ya sa zobensu hagu kawai yake tafiya.

Idan kwanso ya ci gwaji, busar da shi, goge cikin gilashi, saka inji, mayar da rota, ka ɗaure murfi. Sake gwaji mai sauƙi, tunda ka buɗe ka rufe. Sa shi a hannu yini guda, sannan ka ajiye ka ga ko zai kwana biyu ko kusa da haka yana tafiya, ka lura ko rana da kwanan wata suna canzawa da tsakar dare.

Wajen miƙa shi, nuna wa mai shi abu biyu. Kada ya canza kwanan wata da mamurɗi tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, lokacin da injin ke tura faifan da kansa. Sannan yadda ake ɗaure mamurɗi: a danna shi ciki, a juya baya a hankali har a ji zaren ya faɗa mazauninsa, sai a juya gaba da yatsu biyu har ya tsaya, ba tare da an matse da ƙarfi ba. Idan ya shiga teku da shi ya ɗauraye da ruwan daɗi. Mai shiga ruwa da shi ya kawo a gwada robobi duk shekara, injin kuma a sake wanke shi bayan shekara biyar ko makamancin haka.